Agwagin Habsu da Ranar Su

Akwai wani Sarkin Ruwa mai suna Makau, a wani ƙauye da ke bayan Nasarawa Burkullu. Na taɓa zama a garin wata huɗu ina karantar da magidanta. Sunan tabkinsu ya kuɓuce mini yanzu, ku yi mini uzuri, amma tabkin kansa ina ganinsa kamar jiya. Faɗi gare shi, ba zurfi. Ko a tsakiya ruwan bai wuce ƙirjin mutum ba, bado ya rufe rabinsa.

Al'adarsu ita ce, da damina ta ja, Sarkin Ruwa ya rufe tabkin. Ana ɗiban ruwa daga baki, ana shayar da dabbobi, amma ba ƙafar da ke taka cikinsa sai tasa. In kifi ya yi ƙiba sai ya sa ranar su, jama'a su faɗa ruwa gaba ɗaya da homa da gora, manya da yara.

Akwai kuma Surayya, ma'aikaciyar lafiya daga Bukkuyum. Kowane wata takan zo a kan babur da kwalabe, ta ɗebi ruwan rijiyoyi da tabkuna a kai a gwada. Wannan shekarar ta ce masa, "Baba Sarki, ruwan sama kaɗai bai isa ba. Ina so in shiga in ɗebo laka ta ƙasa."

"Ruwa rufe yake, ɗiyata. Ko hakimi ba ya taka shi."

"To kai ka ɗebo mani."

Makau ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Shekara talatin ina shan ruwanga. Da harshena nika sanin lahiyarsa. Yau ni zan zama ɗan aiken kwalba? Ɗebi nan baki ki tahi."

Ta ɗiba daga baki. Da takardar gwaji ta dawo, ba a ga abin tsoro a ruwan sama ba. Surayya ta nuna masa inda aka rubuta cewa ba a gwada laka ba, amma wannan layin bai shiga kunnensa ba. Ya ninke takardar ya soke a hula, ya sa ranar Asabar, ya aika wa masunta har Gummi da Anka.

Ranar Laraba, ko Alhamis ce? Laraba dai nake zato. Yana zaune a ƙofar gida ana gyaran homa, sai ga Habsu, wata dattijuwa mai ginin tukwane da kiwon agwagi a arewacin tabkin. Ta aje kwano a gabansa. Mushen agwagwa ne a ciki.

"Sarki, wagga ita ce ta tara. Duk wadda ke cusa baki cikin laka wajen bakin kwazazzabo, sai ta fara jan ƙafa, fukafukai su saki, ta mutu. Kwaɗi ma sun bar kuka a can gefen."

Sanusi mai saƙar homa ya ce, "Inna Habsu, to a aika a kira liman, ko ke za ki ja mamu sallar?"

Aka kwashe da dariya. Makau ya zaro takardar ya kaɗa mata. "Ga maganar masu ilimi. Ciwon kaji ne, je ki ba su jiƙon maɗaci."

Habsu ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni 'yar Yargalma ce, aure ya kawo ni nan. Shekarar da gubar dalma ta shiga garinmu, agwagi sunka fara mutuwa. Mu ma ciwon kaji munka ce. Bayan su sai yara. Jikokina biyu na ciki."

Ta ɗauki kwanonta ta tafi.

Daga nan Makau bai sake samun zama ba. Ya shiga gida, ya fito. Aka kawo fura ya kurɓa sau ɗaya ya aje. Ya nufi tabki, ya tsaya a baki, ruwa fes har ana ganin jijiyar bado. Ya ɗiba ya ɗanɗana, ba komai. Ya dawo gida. Kafin la'asar ya sake komawa. Ya zaro takarda ya duba, ya mayar, ya sake zarowa, alhali ba karanta boko yake yi ba. Washegari ma haka ya wuni, mutane na gaishe shi yana amsa abin da ba a tambaye shi ba.

Da hantsin Juma'a ya tuɓe riga ya shiga ruwan, ya nufi arewa. A kudu, laka baƙa ce mai yauƙi, katantanwa na gilmawa ƙarƙashin ƙafa, ƙananan kifi na tsattsagar ƙwauri. Da ya kusa bakin kwazazzabo sai ƙasa ta sauya. Ya sunkuya ya damƙo. Toka-toka ce, laushi kamar gari, babu tsutsa ko ɗaya, sai ɓawon katantanwa wanda ba kowa a ciki.

Ya fito ya bi kwazazzabon sama. Bai yi nisa ba ya ga tudun niƙaƙƙen dutse da masu wankin zinari suka zubar suka tashi. Ruwan damina ya zaizaye rabinsa ya gangara da shi tabki.

Ya kira Surayya a waya, ya faɗa mata abin da ya gani.

Ta ce, "Baba, dalma ba ta da ɗanɗano, kuma nauyi gare ta, ƙasa take kwantawa. Shi ya sa ruwan sama ya fita lafiya. Amma gobe mutum ɗari nawa za su dama lakar nan da ƙafa? Yara za su haɗiye ta. Tarwaɗa da gaiwa kuma a cikinta suke kiwo."

"To dalma ce ko ba ita ba?"

"Ban sani ba sai an gwada. Cika mani kwalba. Mako guda kafin sakamako ya fito."

"Ranar su gobe ce, ɗiyata! Baƙi sun fara sauka."

"Wannan kuma kai ke da ruwa, Baba."

Ku duba inda ya tsaya. In ya buɗe, wataƙila ba abin da zai faru, girmansa na nan. In ya hana, ba shi da hujja a hannu sai mushen agwagwa da dunƙulen laka.

Bayan an sauko daga Juma'a ya miƙe a gaban jama'a, ya ce ruwa ba ya buɗuwa gobe. Wuri ya ɗauki hayaniya. Wani baƙo daga Gummi ya ce, "Tun asuba muke bisa hanya, kun san yadda hanya take yanzu, don agwagwa?" Sanusi ya ce, "Sarkin Ruwa ya sauka, Sarauniyar Agwagi ta hau."

Makau ya ciro takardar daga hula ya ɗaga. "Wagga takarda gaskiya ta faɗa, ni ne na hana ta faɗin sauran. Yarinyar ta roƙe ni laka na yi mata dariya. Laihina ne. Wanda zai zage ni ya zage ni, amma ƙafar ɗan kowa ba ta shiga ruwanga."

Baƙi suka naɗe homa suka koma. Kwana bakwai ana yi masa kukan agwagwa in ya wuce majalisa. Shi kuwa kullum yana bakin tabki, yana kai da kawowa, yana korar yara, yana duba waya.

A rana ta takwas Surayya ta zo da kanta. Ta karanta sakamakon a ƙofar maigari. Lakar arewacin tabkin cike take da dalma. Sanusi, wanda ya yi niyyar shiga da 'ya'yansa uku, ya tashi ya je gidan Habsu ya durƙusa.

Aikin da ya biyo baya ya yi tsawo, ni kuma na riga na bar garin, labari na ji, kuma ba duka nake tunawa ba. An tare bakin kwazazzabon. An yi zama da masu wankin zinari, aka nuna musu wuri nesa da hanyar ruwa. Da rani ya ja ruwan baya, ma'aikata suka nuna yadda za a kwashe lakar a binne ta a rami mai zurfi. Kowane wata Makau ke shiga da kansa ya ciko kwalabe uku, kudu da tsakiya da arewa, ya miƙa wa Surayya. Shekara biyu ba a yi su ba.

A ta uku takarda ta fito lafiya, ruwa da laka da kifi. Surayya ta ce yana iya sa rana. Ya karɓa ya soke a hula, ya ce, "Saura mutum ɗaya."

Ya taka har arewacin tabkin. Habsu na zaune tana murza yumɓu. Ya yi sallama, ya ce, "Inna, ina labarin mutanenki?"

Ta nuna masa da baki. Wata uwar agwagwa ce ke fitowa daga wajen kwazazzabon, 'ya'ya goma sha ɗaya na biye da ita, bakinsu duk laka, ba mai jan ƙafa.

Makau ya tsaya yana kallonsu har suka haye tudu. Sannan ya aika a kira mai shela, a sanar da ranar su.

Darasi: Ruwa mai haske ba shi ne ruwa mai lafiya ba, a duba har ƙasa. Kada girman kujera ya hana ka jin mai gwaji da kwalba, ko tsohuwar da ta taɓa ganin masifa da idonta. Kunyar mako guda ta fi sauƙi a kan kukan da ba ya ƙarewa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu zama kusa da tabki ko wurin wankin zinari. Allah Ya tsare mana ruwanmu da 'ya'yanmu.