Gyaɗa da 'Ya'yan da Ta Ba Ƙasa Riƙo

Dalilin da ya sa gyaɗa take fure a sarari amma ta tura 'ya'yanta cikin ƙasa ba wayo ba ne, yara, baƙin ciki ne. Ku da ba ku san komai a kanta ba sai ɓarewa da watsawa a baki, ku tsayar da taunar nan ku saurara.

A can da, Gyaɗa a fili take goyon 'ya'yanta, suna reto a jikinta kamar na wake. Manomi kan tsinki waɗanda suka ƙosa, ya bar ta da ranta, ta sake wani furen. Matsalarta ɗaya ce, gajarta. Dawa da Gero sun ɗaga nasu 'ya'yan can sama, ita kuwa nata suna daidai bakin zabi.

A gonar wani manomi, Korau, da ke bakin daji, zabi suka yi yawa. Da hantsi sai su shigo garke guda, su bi ta suna tsattsage 'ya'yan tun suna ruwa-ruwa. Tana ji tana gani, ba ƙafar gudu, ba ƙayar da za ta kare su. Ta yi fure an cinye, ta sake an cinye, har ta fara tsoron ganin furenta ya buɗe. Ta kuma san in ba ɗa ɗaya da ya ƙosa ya zama iri, zuriyarta ta ƙare ke nan.

Wata rana bayan zabin sun watse, ta sunkuyar da kai tana kuka. Hawayen ya jiƙa Ƙasa, tsohuwar da kowane tsiro ke tsaye a kanta, wadda duk suke kira Inna. Ƙasa ba mai yawan magana ba ce, amma ranar ta tanka.

"'Yar nan, kukan ya isa haka. Ki ba ni su riƙo. Ɗakina ba zabon da ke shiga."

Gyaɗa ta ce, "Inna, za ki iya da su? Suna da yawa."

"Na riƙe waɗanda suka fi su. Da furenki ya faɗi, ki miƙo mini ɗan tun yana ƙanƙane, sauran aikin nawa ne." Sannan Ƙasa ta ƙara da cewa, "Kina da wata magana? In akwai ki faɗa yanzu. Ni in na rufe hannu ba na iya buɗewa."

Akwai magana kuwa, tana nan a bakinta: yaushe zan gan su? Amma Gyaɗa mai tarbiyya ce. A wurinmu, uwar da ta ba da ɗa riƙo ba ta tambayar ranar dawowarsa, ba ta leƙe, ba ta nuna ɗoki a kansa, kada a ce ba ta yarda da mai riƙon ba. Balle babba ce ta yi mata alheri ba ta roƙa ba. Sai ta haɗiye tambayar, ta ce, "Babu komai, Inna. Ai naki ne. Allah ya saka da alheri."

Maƙwabciyarta Kuɓewa, wadda ba ta iya ɓoye abin da ke cikinta, ta leƙo ta ce, "Ke dai kawaicin nan naki zai kashe ki. Ko ranar yaye ba ki tambaya ba?"

"Haba Yaya, da wane bakin?"

Tun daga ranar, duk furen da ya faɗi sai Gyaɗa ta fito da wani siririn tsinke kamar allura, ɗan yana kan bakinsa, ta lanƙwasa shi ƙasa. Ƙasa ta karɓa ta rufe. Zabi suka zo suka kewaya, ba su sami komai ba, suka kama gabansu. Gyaɗa ta yi murna kwana biyu, daga nan kewa ta fara cin ta. Tana jin su suna tsotson abinci ta tsinken nan, tana jin nauyinsu yana ƙaruwa, amma ba ta san kamanninsu ba. Kuɓewa na gefe tana lissafa nata, wannan ya yi tsawo, wancan ya yi gashi, ita kuwa sai dai ta ce ma sha Allah ta kau da kai.

Da marka ta wuce haƙurinta ya ƙare. Ta riƙe tsinke ɗaya a sama, ta ce wannan kam ita za ta goya da kanta, ko zabi sa ci ta gan shi tukuna. Ɗan ya ƙi girma. Jikinta ya riga ya manta yadda ake reno a cikin haske. Kafin mako ya zagayo ya bushe a hannunta, ba tare da wani zabo ya taɓa shi ba.

Sai ta cire kunya ta ce, "Inna, don Allah ki nuna mini ko guda ɗaya. Ba karɓa zan yi ba, gani kawai."

Ƙasa ta ce, "Ai na tambaye ki, 'yar nan. Da kin faɗa, da na ajiye su a bakin ƙofa inda za ki riƙa hangensu. Yanzu hannun da ya riƙe su shi ya riƙe saiwarki. Ba zan sake su ba sai na sake ki."

"Suna tambayata?"

Ƙasa ta koma kan renonta, Gyaɗa kuma ba ta sake tambaya ba.

Kaka ta yi. Korau ya shigo gona da kwando, ya ɗaga ganyen Gyaɗa da ya fara ja, ya duba nan ya duba can, ko ɗa ɗaya babu. Ya yi tsaki ya ce, "Bana kuma juya kika zama? To, ki je awaki su amfana." Ya kama ta da hannu biyu ya tuge.

Saiwarta ta tsintsinke, zafi ya ratsa ta, amma ba ta shi take ba. Ga su nan. Korau ya karkaɗe ta, ya kifar da ita a rana, 'ya'yan suka koma sama, cunkus, manya-manya, kowane ya cika ɓawonsa. Ba ta taɓa zaton za ta haifi masu kyau haka ba. Ta ce, "'Ya'yana, sannunku. Ni ce."

Haske ya dame su, suka takure cikin ɓawo. Wani daga ciki ya ce wa ɗan'uwansa, "Wace ce wannan take mana magana?"

"Oho. Ina Inna? A mayar da mu wurin Inna."

Ta so ta yi musu bayanin zabi da dalilin da ya sa ta miƙa su, amma rana ta riga ta fara shanye ta, muryar ta ƙi fita. Korau kuwa baki har kunne, yana cewa ashe haka ya kamata a riƙa girbinta. Da ta bushe ya tsinke su daga jikinta, ya ɗaure ta dami ya ɗora a kan rumfa, ta zama harawar dabbobi.

Da ruwa ya sauka, Korau ya shuka waɗanda ya ware iri. Suka koma hannun Ƙasa da murna, suka sha danshi, suka kumbura, suka tsage biyu, saiwa ta yi ƙasa, ganye ya yi sama. Da lokacin furensu ya yi, ba wanda ya ce musu komai, suka miƙa wa Inna 'ya'yansu, don ita kaɗai suka sani uwa. Ba mai gaya musu cewa akwai tambayar da ya kamata a yi kafin a miƙa.

Shi ya sa har yau gyaɗa take fure a sama ta binne 'ya'yanta a ƙasa, kuma duk tsinken da bai kai ƙasa ba bushewa yake yi. Shi ya sa ba a girbinta sai an tuge ta gaba ɗaya. Kowace gyaɗa sau ɗaya take ganin 'ya'yanta, ranar da za ta mutu, su kuwa ba su san ko wace ce ba.