Ƙunshin da Goggo Kande Ta Ɓoye

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke gindin dutse, inda sanyin marka ke shiga har cikin ƙashi. Yana da mata mai suna Afiniki da ɗa guda ƙarami, Yunana. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya fashin sujada, amma yana da hali ɗaya: ba ya tambaya. In ya ga abin da bai gane ba, sai ya ja baki ya yi shiru, ya bar zuciyarsa ta ba shi amsa. Zuciyar nan tasa kuwa ba ta taɓa ba shi amsa mai daɗi ba.

Wata shekara ƙanwar mahaifinsa, Goggo Kande, ta dawo gidansa da zama. Mijinta ya rasu a wata ƙasa mai nisa, ba ta kuma taɓa haihuwa ba. Ta zo da adaka ɗaya da tabarma, aka ba ta ɗakin da ke kusa da rumbu. Tsohuwa ce marar yawan magana, ko abinci aka kawo mata sai ta ci kaɗan don kada ta zama nauyi. Manomin ya karɓe ta saboda mahaifinsa marigayi, amma ya sha jin abin da mutanen gari kan faɗa game da tsohuwar da ba ta da ɗa, ya kuwa ajiye maganar a ransa.

Da damina ta yi nisa, wata safiya ya ɗauki tsohuwar taguwarsa ta gona, sai ya ga an yanke wani yanki a gefen ƙasa, kamar faɗin tafin hannu. Ya duba da kyau. Ba ɓera ba ne, ba ƙaya ba ce, bakin almakashi ne sarai. Ko yaro a ƙasar ya san abin da ake yi da ƙyallen tufar mutum: wurin boka ake kai shi. Bai ce wa kowa kome ba. Bayan 'yan kwanaki ya ga tsohon zanen Afiniki a kan igiyar shanya, shi ma an yanke masa kusurwa. Sai ya shiga binciken kayan gida a ɓoye kamar ɓarawo a gidan kansa, har ya iske rigar da ta yi wa Yunana kaɗan babu hannu ɗaya.

A makon nan tari ya kama Yunana. Uwarsa ta kai shi asibiti, aka ba shi magani, aka ce a tsare shi daga sanyi. Amma manomin bai ji wannan ba. A ransa ya ce, ruwa ba ya tsami banza.

Daga nan ya sa wa Goggo ido. Ya lura tana yawan rufe ƙofarta da rana tsaka. Ya lura in ta ji motsin mutum sai ta yi sauri ta tura wani abu cikin adaka. Wata rana ya hange ta tana tsintar audugar rimi a bakin rafi tana cusawa a haɓar zane. Wata rana kuma ya ga tana auna tsawon Yunana da taƙin hannunta, yaron yana dariya. Duk abin da ta yi sai ya zama masa shaida. In ta yi wa yaron wasa, ya ce tana ɗaukar kurwarsa. In ta ƙaurace masa, ya ce kunyar abin da ta yi take ji. Ko addu'a ta yi a ɗakinta, a kunnensa surkulle ne. Ya daina cin abin da hannunta ya taɓa, ya hana Yunana shiga ɗakinta, ya rame don tsoro da fushi. Afiniki ta gane ba lafiya, ta matsa masa, sai ya gaya mata. Ta ce tun da Goggo na nan da ranta, ɗakinta kuma ba nisa, me zai hana a tambaye ta? Ya ce wa ya taɓa tambayar mayya ta amsa? Ya riga ya yanke shawara: zai ƙone abin da ke cikin adakar, ya kuma sallami tsohuwar, ko da yake ya san ba ta da inda za ta nufa a duniya.

Da safe, Goggo ta fita kewayawa, Afiniki kuma tana dama kunu. Manomin ya faɗa ɗakin, ya buɗe adakar, ya ciro wani babban ƙunshi da aka ɗaure da igiya. Ta gefensa ya hango launin taguwarsa, ya ce lalle biri ya yi kama da mutum. Bai tsaya kwancewa ba, don yana tsoron abin da zai gani. Ya fito da shi tsakar gida ya jefa a murhu.

Wuta ta cinye igiyar, ƙunshin ya warware. Afiniki ta yi wuf ta fizgo shi, ta tattake wutar da ƙafa, ta baza shi a ƙasa. Ashe bargo ne, daidai tsawon yaro. An harhaɗa shi da ƙyallaye iri iri, an cusa audugar rimi a ciki, an bi shi da ɗinkin hannu ƙanana, irin wanda ke cin idon tsohuwa. Ga taguwar manomin, ga zanen Afiniki, ga hannun rigar Yunana. Duk bayan bargon kuwa zanen Goggo ne na zuwa coci, wanda ba ta da na biyunsa. A tsakiya, inda wutar ta fi ci, rami ne baƙi yana hayaƙi.

Goggo ta shigo ta tsaya. Ta dubi bargon, ta dubi murhun, ta dubi ɗan wanta, ta gane kome. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a garin mijinta haka mata ke yi wa yaron da sanyi ke damu, sukan yanko daga tsofaffin tufafin mutanen gida, don in ya kwanta ya ji kamar dukansu ne suka rungume shi, kuma ba a nunawa sai an gama. Ta ce da ta nemi izini da ya fi, amma ta ji kunya ta ci tuwonsu ta kuma roƙi tsummansu. Sa'an nan ta durƙusa ta taɓa bakin ramin da yatsa.

"Ɗana, nan rigar mahaifinka ce," in ji ta. "Ita kaɗai ta rage mini a cikin kayansa. Na sa ta a tsakiya ne don ta sauka a kan ƙirjin jikansa."

Manomin ya dubi ramin. Shi da ba shi da ko hular mahaifinsa, ga shi ya ƙone abin da ya rage da hannunsa. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya faɗi a gabanta yana kuka yana neman gafara. Ta ce ta yafe, amma abin da wuta ta ci ba ya dawowa. Sai ya tashi ya ɗauko rigarsa mafi kyau, wadda yake sawa ran Kirsimeti, ya miƙa mata tare da almakashi. Ta yanka daga gaba, inda kowa zai gani, ta toshe ramin. Yunana ya lulluɓa da bargon har ya warke, har bargon ya yi masa kaɗan. Manomin kuwa ya ci gaba da zuwa sujada da rigar nan da facinta, duk wanda ya tambaye shi yakan faɗa masa gaskiya.

Ma'anar wannan misali ita ce, bargon nan shi ne iyali, shi ne kuma ikilisiya. Allah yakan tattaro mu daga wurare dabam dabam, wani sabo, wani ya koɗe, wani ma har an jefar da shi, ya ɗinke mu wuri ɗaya da zaren ƙauna don mu ji ɗumin juna. Goggo Kande ita ce ɗan'uwan nan ko 'yar'uwar nan da ke yi maka alheri a ɓoye, ba ka sani ba. Wutar murhun ita ce zato. Hausawa sun ce zato zunubi ne, kun kuwa ga yadda yake aiki: manomin nan bai ga ƙarya ko ɗaya ba. Da gaske an yanka taguwarsa, da gaske yaronsa ya yi ciwo, da gaske tsohuwar tana ɓoye abu. Idonsa ya gaya masa gaskiya, zuciyarsa ce ta yi masa ƙarya.

'Yan'uwana, wa kuke sa wa ido a gidanku? Wace tsohuwa ce kuka hana 'ya'yanku shiga ɗakinta saboda maganar da kuka ji a bakin rijiya? Ku tashi ku je ku tambaya tun ba ku kai ƙunshin murhu ba. Ubangiji yana gafartawa, 'yan'uwa ma sukan yafe, faci kuma yakan rufe rami. Amma duk ranar da manomin nan ya lulluɓe ɗansa, yakan ga rigarsa a inda ya kamata ya ga ta mahaifinsa.