Gishiri da Gawayi a Bayan Gidan Alhaji Mika'ilu

Akwai wani mai aikin wayarin, wato haɗa wayar lantarki a gidaje, a Dutsen Kura, nan Minna, sunansa Josiah Gaiya. Mutumin Zonkwa ne, amma shekararsa ashirin da biyu a garin nan. Da lasisinsa yake aiki, kuma ba a taɓa nuna gidan da ya yi wa waya aka ce ya kama da wuta ba. Sunan nan nasa shi ne jarinsa, ba shi da wani.

Sai wani ɗan kasuwa a Tudun Wada, Alhaji Mika'ilu, ya gina gidan haya har da bohol, ya ba shi aikin. Lokacin gwamnati ta matsa a kan dokar kare mutane daga haɗarin lantarki. Sabon gini ba ya samun mita sai jami'ai sun duba sun ga an sa wayar ƙasa.

Ga wanda bai sani ba, rami ake haƙawa a kafa sandar tagulla, a zuba gawayi da gishiri a kewaye, a ɗaura mata waya daga gidan, a binne. In wuta ta ɓalle, sai ta bi nan ta shige ƙasa maimakon ta bi jikin mutum. Iyakar abin ke nan fa!

Ranar wata Alhamis da hantsi Josiah yana durƙushe yana zuba gishirin, sai Sharif, ƙanin matar Alhaji mai kula da ginin, ya leƙo. Bai tambaya ba. Ya juya a guje sai majalisa, wai ya kama mai wayarin yana binne asiri don kada gidan ya yi albarka.

Kafin azahar labarin ya yi ƙiba. Wani ya ƙara ƙahon rago, wani ya rantse ya ga baƙar kaza. Wallahi mutanenmu, in dai ƙarya ce ba ma rowar gudummawa!

Alhaji ya iso da jama'a a bayansa, yana ihu tun daga bakin titi.

"Kai! Ni za ka yi wa sammu? Ni da na rufa maka asiri na ba ka aiki?"

"Alhaji, doka ce. Ka tsaya in nuna maka takarda..."

"Rufe min baki, matsafi! Ku tone shi!"

Aka tumɓuke sandar, aka watsar da jakar kayan aikinsa a kwata. Josiah ya tsaya yana kallonsu cikin baƙin ciki. Cikin masu ihun har da mutanen da ya sha gyara wa fanka bai karɓi ko sisi ba. Ba wanda ya ce a bar shi ya ƙarasa magana.

Daga ranar wayarsa ta yi tsit. Wata biyu ba wanda ya kira shi ko canza soket. Matarsa Rebecca mai sayar da kunun zaƙi, haka take dawowa da kularta cike, don an ce kada a sha na matar boka.

"Baban Wisdom, mu tattara mu koma gida," in ji ta, tana kuka don haushi.

Ya ce, "In na tafi, ƙaryar ta zama gaskiya. Ba inda za ni."

Ana nan sai ranar duba gidan Alhaji ta zo. Wadda ta jagoranci jami'an wata injiniya ce, Hajiya Sakinatu. Ta zaga, ta yaba aikin ciki, sannan ta bi wayar ƙasa har baya, ta tarar da ita tana reto.

"Baba Alhaji, ina sandar?"

Sharif ya yi caraf, yana washe baki. "Ai asiri ne aka binne, Hajiya, muka tone. Gishiri da gawayi, da idona na gani."

Ta dube shi sama da ƙasa, ranta a ɓace.

"To ni ma matsafiya ce ke nan, don a bayan gidana akwai irinsa. Kun san abin da kuka tone? Ranar da wayar bohol ɗin nan ta saɓule, matar da ta fara taɓa famfo gawarta za ku ɗauka. Babu mita a gidan nan sai an mayar, kuma sai mai lasisin da ya yi aikin ya sa hannu."

 Kowa ya shiga duban ƙasa.

Da yamma Alhaji ya aika Sharif Dutsen Kura, wai Josiah ya zo a gyara, abin da ya wuce ya wuce. Ji rainin hankali! Ka zubar wa mutum mutunci a bainar jama'a, sannan ka aiko a lallaɓa a bayan fage?

Josiah ya ce, "Ka gaya masa zan yi aikin, don ba zan bari famfo ya kashe matar wani ba. Amma sunana a gaban mutane ya karɓe shi. A gabansu zai mayar min."

Kwana uku Alhaji yana cika yana batsewa, masu haya na tambayar wuta. Rana ta huɗu, bayan la'asar, ya tsaya a bakin majalisa, Josiah na gefe, Rebecca na bayansa ta harɗe hannu. Alhaji ya sunkuyar da kai, ya fara magana ciki-ciki, ko na kusa da shi ba ya ji.

Josiah ya ce, "Ɗaga murya, Alhaji. Matata ba ta ji ba."

Alhaji ya ɗaga kai, ya faɗa har na tsallaken titi suka juyo.

"Jama'a, ƙarya muka yi wa bawan Allahn nan. Ba matsafi ba ne. Ni ne jahili, kuma na zalunce shi."

Darasi: Abin da ba ka sani ba, tambaya, kada ka kira shi tsafi. Dokar lantarki don kare ranka aka yi ta, ka bar masu ilimin aikin su yi aikinsu. In kuwa ka ɓata sunan mutum a gaban jama'a, a gaban jama'a za ka wanke shi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu gini da masu saurin yaɗa abin da ba su tabbatar ba.