Manomin da Ya Huda Katako da Babbar Riga

Akwai wani mutum, manomi, mai gida a wani ƙauye da ke bakin hanyar mota. Da damina yana gona, da rani kuwa yakan ɗan taɓa aikin katako, ya gyara ƙofar da ta saki, ya ɗaura wa bencin majami'a ƙafa. Guduma da ƙusa da zarto su ne iyakar kayan aikinsa.

Wata shekara, bayan an gama girbi, aka aiko masa cewa 'yarsa Keziya, wadda ke aure a wani gari, tana da juna biyu, kuma za ta zo gida ta haihu a gaban mahaifiyarta, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Murna ta hana mutumin nan zama. Ya shiga ɗakin da za a sauke ta, ya dudduba tsohon gadon da ke ciki, ya ga ƙusoshi sun ɗago kai nan da can, wata ma har ta yi tsatsa. Sai ya ce a ransa jikansa ba zai kwanta a kan wannan ba. Zai yi sabon gado da hannunsa, wanda babu kan ƙusa ko ɗaya da zai karce jariri.

Yana da ƙane mai suna Barnaba, kafinta a birni. Da Barnaba ya ji labari, sai ya zo da kansa, ɗauke da akwati. A cikin akwatin akwai injin huda katako mai aiki da lantarki, da wani ɗan abu mai kauri wanda bai fi tafin hannu ba, da ramuka a jikinsa a karkace. Barnaba ya ce wannan shi ne jagoran huda. Ya ɗora shi a bakin katako, ya matse su tare da ƙarfen matsewa, ya zura bakin injin a ramin, ya danna. Injin ya yi ƙara, garin katako ya tashi, sai ga rami sumul a karkace, kamar ɗan aljihu. Ya haɗa katakon da wani, ya ɗaure sukuru, wato ƙusa mai murɗawa, ta cikin aljihun nan, ya juya fuskar aikin ya miƙa wa wansa.

Mutumin ya juya katakon ta nan, ya juya ta can. Babu ƙusa, babu rami, babu tabo. Ya ja da ƙarfinsa, katakan suka ƙi rabuwa. Ya taka ɗaya da ƙafa ya sake ja, suka ƙi. Sai ya fashe da dariya, ya ruga madafa ya nuna wa matarsa, ya dawo ya ce wa ƙanensa ya sake yi ya gani.

Barnaba ya zauna da shi wuni guda yana koya masa. Ya nuna masa ɗan zoben da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen huda daidai da kaurin katako, domin kada ramin ya zarce ya fasa fuskar aiki. Ya ce masa ya bar injin ya ɗauki gudu kafin ya taɓa katako, kuma kada ya danna da ƙarfin tsiya, ya bar ƙarfen ya ci da kansa. Ya ba shi tabarau saboda garin katako. Ya ce in zai canja bakin injin, ya fara zare wayar wutar daga bango. Da zai tafi, ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Yaya, abu biyu nake roƙonka. Kada ka riƙe jagoran nan da hannu, ka matse shi da ƙarfe kullum. Kuma kada ka kusanci injin nan da riga mai hannu. Abin da yake juyawa bai san katako ba, bai san tufa ba."

Mutumin ya ce ya ji, kuma hakika ya ji. Ya nemo wata tsohuwar riga mai gajeren hannu ta zama rigar aikinsa. Wutar ƙauyen ba ta da tabbas, saboda haka da zarar an kawo ta, ko yana tsakiyar cin abinci, sai ya ajiye cokali ya nufi rumfa da gudu, yana kiran matarsa ta zo ta ga abin mamaki, kamar ba ta gani jiya ba. Yana matsewa, yana hudawa, yana rera waƙar sujada da muryar da ƙarar injin ke rufe rabinta. Ƙafafun gado suka tsaya. Katakan gefe suka haɗu. Matarsa ta shafa hannu a jikin gadon daga kai har ƙafa, ba ta ji abin da ya soke ta ba. Saura katako ɗaya tak, na wajen kai.

Ana nan sai ranar zuwan Keziya ta yi. Mahaifin mijinta, wani dattijo mai mutunci, shi ne ya rako ta, tare da waɗansu 'yan'uwansa. Mutumin ya yi wanka, ya ɗauko babbar rigarsa ta zuwa sujada, fara sol, mai aiki a wuya, ya saka, ya naɗe hannuwanta a kafaɗa. Aka gaisa, aka yi addu'a, aka kawo abinci. Keziya ta shige ɗakin mahaifiyarta ta huta. Tun kafin baƙi su wanke hannu, mutumin ya fara ba su labarin gado marar ƙusa. Dattijon ya yi murmushi, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin katako ya riƙe katako ba tare da ƙusa ta leƙo ba.

Ana cikin haka sai aka kawo wuta.

Mutumin ya miƙe zumbur, ya ce su taso su gani da idonsu kafin a ɗauke. Suka bi shi rumfa. Ya dubi rigar aikinsa a rataye, ya dubi surukansa a tsaye, sai ya ga bai dace ya tuɓe a gabansu ba. Ya dubi ƙarfen matsewa, ya ga ɗaure shi zai ci lokaci, ga mutane sun zuba ido. Ya ce a ransa rami ɗaya ne kawai. Ya ɗora jagoran a kan katakon ƙarshe, ya danne shi da hannun hagu, ya ɗauki injin da dama, ya danna.

Ƙarar ta sa baƙi suka ja da baya suna dariya. Shi kuwa ya ɗago kai don ya ga fuskar dattijon. A daidai lokacin nan hannun rigar ya zame daga kafaɗarsa ta hagu, ya sauko, bakinsa ya taɓa ƙarfen da ke juyawa.

Kafin ya ƙifta ido, injin ya cafke tufar ya fara naɗewa. Jagoran ya goce, ƙarfen ya fita daga hanya ya tsaga katakon. Rigar tana naɗuwa, tana jan hannunsa zuwa bakin ƙarfe. Da ya ɗage yatsansa daga maɓallin, da injin ya tsaya, amma tsoro ya sa ya ƙara damƙewa. Baƙi suka daskare a inda suke. Matarsa ce, wadda ta fito da tulun ruwa, ta saki tulun ya fashe a ƙasa, ta yi tsalle ɗaya ta fizge wayar daga bango.

Injin ya tsaya. Aka warware rigar a hankali. Hannun rigar ya yage har kafaɗa, wuyan hannun mutumin ya kwailaye, jini na ɗan tsattsafowa, amma yatsunsa duka suna nan. Ya motsa su ɗaya bayan ɗaya, yana kallonsu. Matar ta wanke masa wurin ta ɗaure da tsumma mai tsabta, sa'an nan ta ce masa, "Maigida, me Barnaba ya ce maka?"

Ya sunkuyar da kai. Kowa ya zaci zai ce a koma zaure a manta da zancen. Amma sai ya ɗaga babbar rigar ya cire ta a gaban surukansa, ya miƙa wa matarsa, ya ɗauko tsohuwar rigar aiki ya saka. Ya ce wa dattijon, "Baba, abin da na nuna muku ɗazu ba shi aka koya mini ba. Ku yi haƙuri ku ga na gaskiya."

Ya jawo wani katako, ya auna, ya yanka. Ya duba zoben da ke jikin ƙarfen huda. Ya matse jagoran har sai da ya girgiza shi ya ga ba ya motsi. Ya saka tabarau, ya ce kowa ya matsa baya, sa'an nan ya mai da waya a bango. Wannan karon bai ɗago kai ba. Injin ya ɗauki gudu, ya shiga, ya fito, sai ga aljihu sumul. Dattijon ya matso ya zura ɗan yatsa a ramin, ya jinjina kai. Daga nan shi ma ya tuɓe tasa rigar ya ba ɗan'uwansa, ya ce a nuna masa inda zai riƙe. Su biyun suka ɗaga katakon suka kai jikin gado, mutumin ya ɗaure sukuru ta ciki. Dattijon ya zagaya gadon yana neman ƙusa, bai samu ba. Ya zauna a kai, ya girgiza jikinsa, gado bai ce uffan ba. Dariya ta ɓarke a rumfar har Keziya ta fito ta ga abin da ake yi, ta tarar da mahaifinta da surukinta a zaune kan gado ɗaya, kawunansu duk garin katako. A kan gadon nan ta yi jegonta, ita da ɗiyarta mace.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa.

Injin nan baiwa ce. Allah yakan sa ƙarfi a hannun mutum: wani murya, wani iya magana, wani shugabanci, wani ƙuruciya da lafiya. Kada kowa ya ce murnar mutumin nan ita ce laifinsa. A'a. Wanda ya ajiye abinci ya ruga wurin aiki yana waƙa, Allah yana jin daɗinsa, kuma ina ma a ce dukanmu haka muke gudu zuwa aikin Ubangiji. Sai dai baiwa ba ta san hanya ba. Tana juyawa ne kawai, tana cin abin da ta taɓa. Shi ya sa aka ba mu Maganar Allah ta zama jagora, ta nuna wa ƙarfinmu inda zai shiga da inda zai tsaya. Harshen da ya iya wa'azi, in ba a sa masa iyaka ba, shi ne zai zarce ya fasa zuciyar ɗan'uwa. Jagora kuwa ba a riƙe ta da hannu ɗaya, yau a danne, gobe a saki. Matse ta ake yi a jikin rayuwa har ta daina motsi.

Ku lura da ranar da abin ya faru. Duk lokacin da mutumin yake aiki shi kaɗai, domin jikan da bai gani ba tukuna, bai karya ko ɗaya daga cikin abin da aka koya masa ba. Ranar da aka zuba masa ido, ranar ce ya ƙi tuɓe riga, ya tsallake matsewa, ya ɗauke idonsa daga aiki ya kai kan fuskar mutum. Babbar rigar nan ita ce son a gan mu. Tana da kyau, ba a ƙi ba, amma ita ce take saukowa ta shiga inji. Mai waƙa a ƙungiyar mawaƙa, kin san lokacin da kika daina yi wa Allah waƙa kika fara sauraron ko ana jin muryarki. Dattijon ikilisiya, ka san ranar da ka yanke magana cikin gaggawa domin kada a ce ba ka sani ba. Aikin da yake riƙe gida da ikilisiya yawancinsa kamar sukurun nan yake, yana ciki, ba mai ganinsa, amma a kansa ake kwana lafiya.

Sa'an nan ku gode wa Allah saboda mai fizge waya. Akwai lokacin da mutum yakan damƙe abin da ke cutarsa, ya kasa saki. In Allah ya ba ka mata, ko miji, ko aboki, wanda zai tsayar da kai ko da a gaban baƙi ne, kada ka yi fushi da shi. Hannunka yake ceta.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne mutumin bai gudu ya ɓuya ba. Ya tuɓe a gaban waɗanda yake jin kunyarsu, ya sake farawa daidai, kuma girmansa bai ragu ba. Sai ma dattijon ya tuɓe tasa ya kama masa. Haka tuba take. Wanda ya fara sauke girman kansa yakan buɗe wa waɗansu hanya, sai ka ga aikin da mutum ɗaya ya so ya yi don a yabe shi, mutum biyu sun gama shi suna dariya.

Saboda haka, in ka yi kuskure a gaban jama'a a makon da ya wuce, kada ka jira sai kowa ya watse. A gabansu za ka gyara. Allah da ya ba ka ƙarfin bai karɓe ba, aikin kuma yana jiranka. Tashi ka kama.