Sunan Jaririyar Barira

Ku ɗan ajiye wayoyin nan ku saurara, ko a cikinku a samu mai raba mana gardama. Shekara tara na yi a Fatakwal cikin ƙarar injina, amma ban ji hayaniya irin ta gidanmu a kwana biyar ɗin nan ba. Yayata Barira ta haifi 'ya mace, jibi suna, rago na ɗaure, har yanzu ba a san abin da za a raɗa wa yarinya ba.

Ga asalin abin. A bayan kasuwar garinmu an yi wani mai magani, Malam Tanimu, da mata masu neman haihuwa ke zuwa wurinsa. Ƙa'idarsa ita ce rubutunsa a ɗakinsa ake shanyewa, kuma mace ita kaɗai take shiga. Da ta sha sai barci, in ta farka ya ce aljanin da ya tare mahaifa ne ya fita. Shekara shida yana wannan ta'asa. Barira ce ta farka ta ga zanenta ba yadda ta ɗaura shi ba, ta kuma fito ta faɗa. Sai gari ya ce taɓin hankali ne. Mijinta Haladu ya ce ta je gida tukuna. Malamin kuma ya kai ƙara, wai ta ɓata masa suna. Saura ƙiris ita ce za ta tafi gidan yari.

Mata uku suka fitar da ita.

Ta fari Kubura ce, mai kitso. Ta je wurinsa ranar da take ramuwar azumi. Ya miƙa mata kwano, ta ce tana azumi. Ya ce ta sha, ai lalura ce. Ta ƙi. Ana cikin haka aka yi sallama da shi a zaure, yana fita ta juye rubutun a 'yar robar da ke jakarta ta kama hanya. Da magariba ta buɗe baki da rabinsa, ba ta farka ba sai hantsi, a kan sallaya. Nan ta tuna maganar Barira. Uwarta ta ce ta zubar ta yi shiru, ita kuwa ta ɗauki sauran ta kawo gidanmu.

Ta biyu Sista Hannatu, ta ƙaramin asibitinmu. An ce ruwan tawada a roba ba hujja ba ne. Ita ta karɓa ta liƙe bakin, ta shiga mota zuwa birni har sau uku, sai da gwaji ya fito: maganin barci ne mai ƙarfi, irin na masu tiyata. Sai ga manyan gari, waɗanda matansu suka taɓa shiga ɗakin nan, suna roƙonta ta ɓatar da takardar don rufin asiri. Ta ƙi. Aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye da ko mota ba ta shiga. Da aka gurfanar da Malam Tanimu a kotu, daga can ta hau babur ta zo ta ba da shaida.

Duk da haka shari'a ta kusa rushewa, don lauyansa ya ce roba ta kwana a gidan Kubura, kowa na iya zuba mata komai. Ranar nan mace ta uku ta shigo kotu da ƙaramin turmi cikin hijabinta. Suwaiba ce, matar Malam Tanimu, uwar 'ya'yansa huɗu. Duk Alhamis yakan ba ta fararen ƙwayoyi ta daka masa, ya ce mahaɗin tawada ne. Ta ajiye turmin ta ce, “Ranka ya daɗe, da hannuna na daka. Da ban san abin da nake dakawa ba, yau na sani.” Bayanta mata biyar suka fito suka yi magana. Alƙali ya yanke masa ɗaurin rai-da-rai. Suwaiba kuma dangin mijin suka watso mata kaya waje tun kafin la'asar.

Haladu ya zo biko kansa a ƙasa. Da aka yi haihuwar nan, bayan shekara biyu, ya ce shi ba shi da bakin zaɓen suna, ya bar wa Barira. Ita ta ce ɗaya cikin ukun za ta yi wa takwara. Shi ke nan gida ya rikice.

Inna ta ce Kubura, don ba robar nan ba zance. Goggo ta ce azumi ne ya cece ta, ba dabararta ba, a sa Hannatu. Kawu ya ce Hannatu aikinta ta yi, Suwaiba ce ta rasa gida. Inna ta ce mace ta shekara shida tana daka ba ta taɓa tambaya ba? Abin da ke ƙona mini rai, masu ɗaga muryar nan su ne suka ce Barira ta haukace. Na ce to a jera sunayen duka uku mana, Goggo ta ce jaririya ce, ba motar haya ba.

Ɗazu na leƙa ɗakin mai jego. Ta dube ni ta ce, “Auta, kai da ka zaga duniya, wa zan kalla ranar suna in ce ba ke ba ce?”

Na juya na fito. To ku da kuka ji, tsakanin Kubura da Hannatu da Suwaiba, sunan wa ya fi cancanta yarinyar nan ta amsa?