Saƙon da Ya Ƙi Fita daga Masar

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, yau shari'a na kawo muku, kuma sai kun yanke ta za ku tashi.

Akwai wani mutumin Funtuwa, Isiyaku, injiniyan noman rani, da ma'aikatarsu ta tura shi kwas na wata uku a Masar. Ya tafi ba da son ransa ba, don ya bar matarsa Murja da cikin wata takwas, ga ciwon zuciya da ya taso mata. Likitocin gida sun rabu biyu: wasu na cewa a ciro jaririn yanzu, wasu na cewa a jira. Suka sa ranar Laraba da ƙarfe goma na safe su zauna su yanke.

Isiyaku bai zauna ba. Ya ɗauki hotunan zuciyar Murja ya yi ta bin ofisoshi har ya samu wani babban farfesan zuciya a can Masar. Farfesan ya duba ya ce kada a wuce makon nan, jira zai iya cin ran uwa da ɗa. Ya rubuta rahoto, ya sa hannu, ya danƙa masa, ya hau jirgi ya tafi taro. Shi kuwa asibitin gida yana da doka: ba ya karɓar rahoto ta waya ko ta bakin miji, don an taɓa kawo musu na jabu. Sai dai ta imel, kuma daga adireshin da aka rubuta a fayil ɗin maras lafiya, wato imel ɗin aikin Isiyaku.

Ranar Litinin ya zauna a masaukinsa ya tura. Ya ga saƙo ya ɓace daga gabansa, ya yi hamdala, ya kira gida ya ce an gama. Bayan minti biyu wani dogon saƙo ya dawo da Turanci mai cike da lambobi, ya ɗauka shaidar isa ce, bai ko karanta ba. Sannan ga kunya. Isiyaku mutum ne da zai kwana da yunwa a gidan baƙunta don kada ya ce a ƙara masa, ina zai iya damun babban likita da tambayar ko saƙo ya zo? Allah sarki, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma rahoton ko ƙofar masaukin bai fita ba.

Mata uku ne suka ceci lamarin. Ta farko ita ce yayarsa Balaraba, mai jinyar Murja. Ba ta yi boko ba, ba ta san imel ba, amma ta san fuskar likita. Ranar Talata da safe ta ga ya shigo ya buɗe fayil ya rufe, bai ce uffan a kan rahoto ba. Hankalinta bai kwanta ba. Ta nufi ofishin ajiye takardu, aka ce ta dawo gobe. Ta shimfiɗa gyalenta a bakin ƙofa ta zauna, ta ce goben ta same ta a nan. Awa huɗu tana zaune, masu wucewa na tsallake ƙafarta, har ma'aikacin ya gaji ya duba. Babu komai. Ta kira ƙanenta.

"Isiyaku, takardarka ba ta zo ba."

"Yaya, da idona na ga ta tafi."

"To, ni da idona na ga ba ta iso ba. Ka sake lale."

Ba don Balaraba ba, da kowa ya ci gaba da barcinsa har Laraba ta wuce.

Ya sake turawa sau shida, sau shida yana dawowa. Nan ya tuna da Sakina, mai kula da kwamfutocin ma'aikatarsu, wadda bai taɓa nema ba sai in na'urarsa ta ƙi kunnuwa. Bai san ranar kwana biyu ke nan da rasuwar mahaifinta ba. Tana tsakiyar karɓar gaisuwa kiransa ya shigo. Da ta ji abin da ke tafe da shi, ta tashi daga tabarmar makoki, ta shiga ɗaki ta ce ya karanto mata saƙon da ke dawowa.

"Yallaɓai, ba laifinka ba ne," in ji ta. "Duk inda ake hawa intanet yana da lamba, kamar lambar gida, ita ake kira adireshin IP. Masaukin nan naka, wasu da suka sauka kafin kai sun yi ta tura saƙonnin damfara daga cikinsa har lambar ta yi baƙin suna. Yanzu duk wasiƙar da ta fito daga nan, a ƙofa ake mayar da ita, ba a ko duba mai ita."

Ya gwada da layin wayarsa, shi ma haka. Sakina ta ce wanke lamba yakan ɗauki kwanaki, kuma ba su da kwanaki. Mafita ɗaya ce, ya nemi wurin da sunansa ke da tsabta, kamar jami'a. Ba don Sakina ba, da yana nan yana danna maɓalli ɗaya har gari ya waye masa a banza.

Abin ya yi wa Isiyaku ciwo ƙwarai. Mutumin da bai taɓa cin kwabon kowa ba, yau an rufe masa ƙofa saboda ɓarnar waɗanda ko fuskarsu bai sani ba. Ya bi jami'a biyu, masu gadi suka ce an tashi, kuma baƙo ba ya shiga.

Laraba da sassafe ya nufi ƙofar jami'a ta uku ya tsaya, yana magana shi kaɗai kamar taɓaɓɓe. Wata ɗaliba da za ta shiga ta ji Hausa ta waiwayo. Rakiya ce, 'yar Damagaram, saura mata wata biyu ta kammala digirin da ta shekara biyar tana nema. Ba ta san shi ba, bai san ta ba. Ya faɗa mata komai a tsaye. Dokar jami'ar a fili take: ɗalibin da ya ɗora baƙo a layin intanet ɗinsu zai iya rasa gurbinsa. Kuma wa ya tabbatar mata shi ma ba ɗan damfarar ba ne? Ta dube shi, ta dubi hoton Murja a wayarsa, ta ce, "Malam, biyo ni. In ƙarya kake, kai da Allah." Ta ajiye katinta wajen mai gadi a madadinsa, ta shigar da shi da sunanta. Ya danna. Wannan karon babu abin da ya dawo. Ba don Rakiya ba, da an san ciwo an san magani, amma babu hanya.

Saura minti ashirin likitoci su zauna, ma'aikacin ajiye takardu ya ga saƙon ya buga mata, Balaraba ta shiga da takardar a hannunta. Ranar Alhamis aka yi wa Murja aiki. Ta rayu, ta samu 'ya mace, 'yar mitsitsiya amma da ƙarfin kuka.

Isiyaku ya dawo ana gobe suna. Shi da Murja sun riga sun yi alkawari, yarinyar nan za ta ci sunan wadda ta cece su. Sai dai yarinya ɗaya ce, suna ɗaya, masu ceto uku. Da safe an raba goro, jama'a sun ɗaga hannu, liman ya sunkuyo da kunnensa yana jira, Isiyaku kuwa har yanzu bai zaɓi suna ba.

To, ku da kuke zaune, liman na jira. Balaraba da ta gano saƙo bai zo ba, ko Sakina da ta bar makokin ubanta ta gano dalili, ko Rakiya da ta jingina karatunta don mutumin da ba ta sani ba: sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?