Kwalbar Mutum Biyar

Akwai wata mata a Djamboutou, sunanta Kaltouma. Mahaifinta, Malam Hanzala, yana fama da ciwon sukari, kuma korona ta ɗauke ƙaninsa bara. Da aka ce allurar rigakafi ta iso Garoua, ta lallaɓa shi suka hau moto, wato babur, zuwa asibitin unguwa.

Madam Martine mai yin allurar ta nuna musu wata 'yar kwalba.

"Ta mutum biyar ce, Baba. In na buɗe, sa'o'i kaɗan ta lalace. Sai kun cika biyar."

Suka zauna a benci har azahar, masu jiran allurar su uku ne kawai. Washegari su huɗu, ɗaya ya gaji ya tafi. Ƙafafun tsoho suka kumbura.

"Kaltouma, gobe ce ta ƙarshe," in ji shi. "In ba a cika ba, ki bar ni da Allah."

Ita kuwa ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai, amma ranar ta bi gidajen maƙwabta tana roƙo. Wata ta ce allurar tana hana haihuwa. Wata ta ce ai cutar ta Turawa ce. Ache mai sayar da busasshen kifi ta fi kowa dariya.

"Ke amarya, ɗanki ɗaya tak, za ki kai kanki a rufe miki?"

Rana ta uku su huɗu ne. Rana ta take, Madam Martine ta fara haɗa takardunta. Malam Hanzala ya laluɓi sandarsa.

Sai ga Ache da tiren kifi a ka, za ta wuce kasuwa. Ta tsaya, ta daɗe tana kallon ƙafafun tsohon. Ta sauke tiren.

"Madam, har yanzu ban yarda da abin nan ba. Amma na gaji da ganin Baba a bencin nan. Buɗe."

Ta runtse ido ta miƙa hannu. Aka yi wa tsoho tasa, aka ba shi karne, katin shaidar allura. Kaltouma ta ɗauki tiren ta ɗora wa Ache a ka.

Darasi: Wani alherin ba ya jiran sai tsoronka ya tafi. Ƙila kai ne na biyar ɗin da wani mai rauni yake jira. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.